Sista Rosetta Tharpe: Jita a Hannunta, Alƙalami a Hannun Wasu

Rosetta Nubin, wadda duniya ta sani da Sista Rosetta Tharpe, an haife ta ranar 20 ga Maris 1915 a Cotton Plant, wani ƙaramin gari na manoman auduga a jihar Arkansas ta Amurka. Mawaƙiyar bishara ce kuma makaɗiyar jita, ita ce kuma ta fara fitar da waƙar majami'un baƙar fata zuwa kasuwar faifai har ta yi ciniki na gaske. Lamarinta ya cancanci nazari domin an samu abu biyu a wuri ɗaya: gwanintar da babu mai musunta, da kuma harkar sana'a da kusan duk shawarar da ta shafi kuɗi da zaɓen waƙa wani ne yake yanke mata.

Inda ta koyi ƙarfin murya

Mahaifiyarta, Katie Bell Nubin, mai bishara ce a ɗariƙar Church of God in Christ, wadda Charles Harrison Mason ya jagoranta daga Memphis. Tana kaɗa mandolin, wata 'yar ƙaramar jita mai tsirkiya takwas. Wannan ɗariƙa ta bambanta da manyan majami'un baƙar fata na lokacin a abu biyu da suka yi wa Rosetta rana. Na farko, ba ta hana kayan kiɗa a sujada ba: ganga, jita, kakaki, fiyano, tafi da rawa duk an yarda da su. Na biyu, ko da yake ba ta naɗa mace fasto, ta bar mata su yi bishara, su koyar, su yi yawon wa'azi. Tun tana 'yar shekara shida Rosetta take bin uwarta tarurrukan farkawa, tana waƙa tana kaɗa jita. A shekarun 1920 suka koma Shikago, suka zama 'yan majami'ar Roberts Temple.

Sai a duba yanayin aikin. Wa'azi ne a bakin titi, ko cikin babbar tanti, ba makirfo, ba lasifika, ga hayaniyar motoci ga masu tafi. Wanda ya koyi waƙa a irin wannan wuri dole ya koyi abu uku: ya tura murya daga ciki ba daga maƙogwaro ba, in ba haka ba muryar ta dushe kafin kwana uku na taro, ya furta kowane harafi sarai don na can baya ya ji, ya kuma riƙe idon mutane da motsin jiki, don mai wucewa ba ya bin ka bashin tsayawa. Duk abin da daga baya aka riƙa yabawa a wasanta, ɗaga jita sama, taka rawa, yi wa jama'a magana a tsakiyar baiti, a nan ya samo asali.

Jitar: yadda take ɗaure ta da yadda take kaɗa ta

Jita tana da tsirkiya shida. Ɗaurin da aka saba, daga mai kauri zuwa siririya, shi ne E, A, D, G, B, E (haruffan sunayen sautuka ne a kiɗan Turawa). Rosetta ta fi amfani da buɗaɗɗen ɗauri, wanda makaɗan kudancin Amurka ke kira Vestapol. Ana sassauta tsirkiya huɗu: ta shida daga E zuwa D, ta uku daga G zuwa F#, ta biyu daga B zuwa A, ta ɗaya daga E zuwa D. Ta biyar da ta huɗu ba a taɓa su. Abin da ya fito shi ne D, A, D, F#, A, D. In aka shafi tsirkiyoyin gaba ɗaya ba tare da an danna komai ba, sautin da ke fitowa ya riga ya dace da juna, kamar yadda mai gurmi ke daidaita tsirkiyarsa da waƙar da zai yi tun kafin ya buɗe baki.

Amfanin wannan ga mai waƙa ita kaɗai babba ne. Yatsa ɗaya da aka shimfiɗa a gaɓa ta biyar ya ba da rukunin sauti na biyu, a gaɓa ta bakwai ya ba da na uku, kuma da waɗannan ukun ake rera yawancin waƙoƙin majami'a. Hannun hagu ya samu sarari ke nan. Babban yatsan dama, sanye da makaɗi, yana riƙe da bugun ƙasa, ita kuma tana fitar da karin waƙar ɗaya bayan ɗaya a sirarun tsirkiyoyi. A zamanin da yawancin masu jita aikinsu raka mawaƙi ne kawai, ita jitarta amsa mata take yi: ta rera layi, jita ta mayar. Amshin da jama'a ke yi a majami'a shi ta ɗora wa tsirkiya.

Ɗaurin yana da tsadarsa. Makaɗi yana ɗaure ne a maɓallin sauti ɗaya, don haka in mai fiyano ko masu busa suna son wani maɓalli, ko dai su biyo ka, ko ka sake ɗauri, ko ka sa maɗauri a wuyan jita. Tsirkiyar da aka sassauta kuma tana yin kwance, tana taɓa ƙarfen gaɓoɓi tana zuza in an doke ta da ƙarfi. Maganin shi ne a sa masu kauri, su kuma suna cin yatsa.

Kayan aikinta sun canja sau uku, kowane canji kuma amsa ce ga matsalar ƙara. A hotunanta na 1938 tana riƙe da jitar kamfanin National, irin mai mazurarin alminiyom a ciki. Gadar da tsirkiyoyi ke hawa tana zaune ne a kan wannan mazurari, shi ke girgiza ya ninka sauti, ba katako ba. Tana da ƙara sosai, sai dai sautin yana fita da sauri ya mutu da sauri, kuma in mazurarin ya lotsa ko da kaɗan ne, sai zuza. A titi ta wadatar. A gaban ƙungiyar makaɗa goma sha biyar masu kakaki da ganguna ba ta isa ba. Daga nan ta koma jitar lantarki, inda maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar tagulla ke ɗaukar girgizar tsirkiya ya tura wa amfilifaya. Na farkon irin waɗannan masu ramin ciki ne, kuma matsalarsu ita ce in aka ƙara murya, sautin lasifika yana komawa cikin ramin ya sake girgiza jitar, sai kuka ya tashi. Makaɗi ko dai ya matsa daga gaban lasifika ko ya rage ƙara. Jita marar rami ta kawar da wannan. Kamfanin Gibson ya fito da Les Paul a 1952, da SG a 1961, ta kuma yi amfani da duka biyun. Farar SG mai maɗauka sauti uku ita ce aka fi saninta da ita a bidiyoyin shekarun 1960. Tana buɗe amfilifaya har sautin ya fara kaushi. Injiniyoyin lokacin lahani suka ɗauki wannan kaushi, matasan da suka zo bayanta kuwa shi suka riƙa nema ido rufe.

1938: daga tanti zuwa faifai

A 1934, tana da shekara 19, ta auri wani mai wa'azi na ɗariƙarsu, Thomas Thorpe, kuma daga sunansa ne sunan aikinta ya fito. Auren bai yi daɗi ba. A 1938 ta bar shi, ta tafi New York da mahaifiyarta. Cikin wata uku komai ya sauya: a Oktoba ta fara wasa a Cotton Club tare da ƙungiyar Cab Calloway, a ƙarshen watan ta ɗauki waƙoƙi huɗu wa kamfanin Decca, ranar 23 ga Disamba kuma ta hau dandalin Carnegie Hall a taron da John Hammond ya shirya.

Ɗaukar faifai a lokacin ba wasa ba ne. Faifan garmaho mai faɗin inci 10 yana juyi 78 a minti, kowane gefe yana ɗaukar kusan minti uku. Waƙar da a majami'a ake jan ta minti goma sha biyar, ana maimaita amshi har ruhu ya sauka, dole a datse ta: gajeriyar shiga da jita, baiti biyu ko uku, wuri kaɗan na kiɗa zalla, a rufe. Allura ce ke yanka sautin kai tsaye a kan faifai mai laushi, ba gyara, ba haɗi. In an yi kuskure a daƙiƙar ƙarshe, a jefar a sake daga farko. In mawaƙi ya ƙwala murya dab da makirfo, allurar ta yi faɗi ta shiga layin da ke kusa, faifan ya lalace. Mai murya irin ta Rosetta sai ta koyi ja da baya a wurin da za ta ɗaga murya, ta matso a wurin da za ta sassauta. Wannan matsi na minti uku ya taimake ta ta wata fuska, don shi ya sa kiɗan jitarta ya zama gajere, mai kaifi, wanda yaro zai iya ji ya kwaikwaya.

Ɗaya daga cikin waƙoƙin huɗu, "Rock Me", asalinta ta marubucin waƙoƙin bishara Thomas A. Dorsey ce, an ɗan taɓa kalmominta yadda wanda bai san majami'a ba zai iya jin ta a matsayin waƙar soyayya. Faifan ya sayu. Nan kuma rigimar ta fara. Cotton Club gidan rawa ne da ake sayar da giya, masu kallo fararen fata ne, 'yan mata na rawa kafin ta da bayanta. Ga 'yan ɗariƙarta, waɗanda ko shan taba da zuwa silima ba su yarda da su ba, ɗaukar waƙar Ubangiji zuwa can ba ƙaramin abu ba ne. Ita hujjarta ita ce masu zunubi ai su ke buƙatar bishara. Hujjar tana da ƙarfi muddin ita ke zaɓen abin da za ta rera.

Kwantiragin da ya ƙwace zaɓi

A 1941 ta shiga ƙungiyar Lucky Millinder, a kan kwantiragin da aka ruwaito na shekara bakwai ne. A tsarin irin waɗannan ƙungiyoyi shugaba ne mai zaɓen waƙa, mawaƙiya ma'aikaciya ce mai albashi. Sai ga Sista Rosetta, da sunan nan nata na majami'a, tana rera waƙar neman dogon saurayi siriri a faifai da gidajen rawa. A nan hujjar kai bishara ga masu zunubi ta faɗi, kuma mutanen majami'a ba su manta ba.

Kuskuren ba shiga ƙungiyar ba ne, don ta koyi aiki da manyan makaɗa, sunanta kuma ya kai inda tanti ba za ta kai shi ba. Kuskuren yana cikin takarda. Mawaƙin bishara jarinsa amincewar masu sauraro ne, wanda ya mallaki ikon zaɓen waƙarka kuwa ya mallaki wannan jarin. Sharaɗi ɗaya, cewa ba za a tilasta mata rera abin da ba na bishara ba, da gajeren wa'adi na shekara ɗaya ko biyu da za a iya sabuntawa, da sun rufe ƙofar. Wajen 1943 ta rabu da Millinder ta koma bishara zalla.

Komawar ta zo da sa'a. Yajin aikin ƙungiyar makaɗan Amurka, wanda ya hana ɗaukar faifai daga Agusta 1942, Decca ta sasanta nata a 1943, kafin manyan abokan gasarta. A 1944 aka haɗa Rosetta da mai fiyano Sammy Price, da ganga da babbar goge mai bugun ƙasa, mutum huɗu kacal. Wannan tsari ya fi dacewa da ita nesa ba kusa ba, don babu kakakin da zai danne jitar. "Strange Things Happening Every Day" da suka ɗauka ta kai mataki na biyu a jadawalin mujallar Billboard na faya-fayan baƙar fata a 1945, abin da waƙar bishara ba ta taɓa yi ba. Masana da dama suna lissafa ta cikin tushen kiɗan rock and roll.

Daga 1946 ta ɗauko Marie Knight, mai murya ƙasa-ƙasa, mai nauyi, suka riƙa waƙa su biyu. Haɗin ya yi kyau don muryoyin ba sa rige-rigen wuri ɗaya: ta Rosetta a sama tana tsalle, ta Marie a ƙasa tana riƙe da ita. Waɗannan ne shekarun da ta fi samu. Ta sayi gida a Richmond ta jihar Virginia, ta kafa 'yan amshi, Rosettes, ta kuma yi bas mai ɗauke da sunanta. Bas ɗin ba ado ba ne. A kudancin Amurka na wariyar launin fata otal ba ya karɓar baƙar fata, gidan abinci ma haka, don haka a cikinsa ake kwana, a ciki ake sa kaya. A garin Macon na jihar Georgia, a 1947, ta kira wani yaro ɗan shekara 14 dandali ya yi waƙa, ta kuma biya shi. Shi ne ya zama Little Richard, shahararren mawaƙin rock and roll.

Ina kuɗin suke shiga

Kuɗin waƙa ƙofa uku gare su, kuma ba girmansu ɗaya ba.

Akwai na wanda ya rera a faifai. Mawaƙan baƙar fata na wancan zamani da yawa kuɗin zama ɗaya ake ba su a sallame su, ko a rubuta musu ɗan kaso da sai an cire kuɗin ɗauka kafin su gani. Faifan Decca mai araha santi 35 ake sayar da shi, don haka ko kason ya fito ba shi da yawa. Gidajen rediyon Amurka kuma ba sa biyan wanda ya rera, marubuci da mawallafi kawai suke biya.

Akwai na mai waƙar. Dokar haƙƙin mallaka ta 1909 ta yanka santi 2 a kan kowane kwafi ga wanda ya mallaki waƙar, adadin bai motsa ba sai 1978. A misali, faifan da ya sayar da kwafi 100,000 ya kawo dala 2,000 a kan waƙa ɗaya, kuma duk wanda ya sake rera ta sai ya biya. Wannan ita ce ƙofar da ke ci gaba da kawowa bayan murya ta tafi. Dorsey ya gane haka da wuri, ya kafa nasa kamfanin wallafa waƙoƙi a Shikago a farkon shekarun 1930. Rosetta kuwa yawancin abin da take rerawa ko na wasu ne, ko tsofaffin waƙoƙin gargajiya na majami'a, kuma wallafar nata ta shiga hannun kamfanin Mills tun farkon zuwanta New York.

Sai na ƙofa, wato tikiti da baikon majami'a. A nan ne abincinta yake, shi ne kuma mafi rauni. Ranar da ba ka hau dandali ba babu shi, kuma daga cikinsa ake biyan mai, direba, 'yan amshi, tufafi da mai shirya taro.

Bikin aurenta na uku ya nuna iyakar ƙarfin wannan ƙofa. Ranar 3 ga Yuli 1951, a filin wasa na Griffith da ke Washinton, ta auri Russell Morrison a gaban fiye da mutum 20,000 da suka sayi tikiti, aka ɗaura aure, ta yi wasa da kayan amarya, aka yi wasan wuta, Decca kuma ta ɗauka ta fitar a faifai. Ta fuskar talla babu kamarsa. Ta fuskar sana'a kuwa a ranar ta haɗa miji da manaja a mutum ɗaya. Illar wannan ba sai mutum ya zama mugu ba: babu wanda zai duba lissafin wani, kuma ba a iya sallamar manaja ba tare da an kashe aure ba. Waɗanda suka yi aiki da ita sun sha kokawa da yadda ya riƙe harkokinta. A 1957 gidan Richmond ya fita daga hannunsu, suka koma Philadelphia.

Yadda masu sauraro suka zame

A farkon shekarun 1950 ita da Marie Knight suka ɗauki wasu waƙoƙin blues, wato na duniya. Karo na biyu ke nan, kuma wannan karon majami'a tana da wadda za ta koma wa. Mahalia Jackson, mawaƙiyar bishara wadda faifanta na 1947 ya yi ciniki mai yawa, ta ƙi gidajen giya ƙememe, ta ƙi waƙar duniya, ta kuma zuba kuɗinta a gidaje da kasuwanci. Salon bishara ma ya koma na ƙungiyoyi da manyan rukunonin mawaƙan majami'a masu fiyano da ogan. Mace ɗaya da jita ta fara kama da tsohon yayi. A ɗaya gefen, samarin da suka taso da faya-fayanta, irin su Elvis Presley da Johnny Cash, suna cin kasuwar matasa da salon da ta share wa hanya, kasuwar da ba ta da wuri ga mace baƙar fata mai shekara 40 da ke waƙar Yesu. Ta rasa na gida, ba ta samu na waje ba. Zamanta da Decca ya ƙare a tsakiyar shekarun 1950, ta yi faifai da Mercury a 1956.

Turai ce ta ɗauke ta. A 1957 Chris Barber, mai busa ɗan Ingila, ya gayyace ta zagayen Birtaniya, inda babu wanda ya damu da rigimar majami'a da gidan rawa. A Mayu 1964 gidan talabijin na Granada ya ɗauki wasanta a wata tsohuwar tashar jirgin ƙasa a Manchester, a zagayen da ya haɗa da mawaƙin blues Muddy Waters: makaɗa a dakali ɗaya, masu kallo a ɗaya, layin dogo a tsakani. An yi ruwa kamar da bakin ƙwarya dab da fitowarta, sai ta sauya waƙar buɗewa zuwa wadda ke maganar ruwan tufana, ta kaɗa jitar lantarki a jiƙaƙƙen dakali cikin doguwar riga da takalmi mai tsini. Duk mai aikin sauti zai ce wannan ganganci ne, don amfilifaya mai kwalabe da ruwa a ƙasa hanyar jan wuta ce. Amma sauya waƙa nan take don ta dace da abin da jama'a ke ciki, wannan tarbiyyar tanti ce, kuma bidiyon shi ne abin da ya fi yaɗa sunanta a yau.

Aikin Turai na lokaci-lokaci ne, a gida kuwa ta koma ƙananan majami'u, ana biyan ta daga baiko. Mahaifiyarta ta rasu a ƙarshen shekarun 1960. Tana da ciwon suga da ba a kula da shi yadda ya kamata ba, wanda rayuwar hanya, da cin abin da aka samu, da rashin hutu ke ƙara wa ƙarfi, ga shi wanda ke rayuwa da kuɗin ƙofa ba ya iya ajiye aiki ya yi jinya. A 1970 ta samu shanyewar ɓarin jiki tana zagayen Turai, daga baya aka yanke mata ƙafa ɗaya. Ta ci gaba da wasa a zaune. Ta rasu ranar 9 ga Oktoba 1973 a Philadelphia, tana da shekara 58, ana gab da shiga situdiyo ɗaukar sabon faifai. An binne ta a maƙabartar Northwood, kabarin ya zauna fiye da shekara talatin ba dutsen suna, sai da aka yi wasan tara kuɗi a 2008 aka samu na sa shi. Hukumar gidan waya ta Amurka ta buga kan sarki mai hotonta a 1998, an kuma shigar da ita Rock and Roll Hall of Fame, zauren karrama gwarazan wannan kiɗa, a 2018.